Afuwar da aka yi wa Dariye ta zubar da aikin shekara 11

Joshua Dariye ba ƙaramin ɗan siyasa ba ne. Akanta ne daga ƙaramar hukumar Bokkos, ya mulki Jihar Filato daga 1999 zuwa 2007, kuma duk guguwar da ta taso masa sai ya tsallake. Obasanjo ya dakatar da shi a 2004 lokacin dokar ta-ɓaci bayan rikicin Yelwa, ya dawo. 'Yan sandan Landan suka kama shi a shekarar, aka ba da belinsa, ya sulale ya dawo gida. Majalisar jiha ta tsige shi a 2006, kotu ta mayar da shi kan kujera. Daga nan sai Majalisar Dattawa a 2011.

Abin da ya kasa tsallakewa shi ne kuɗin gyaran muhalli, sama da naira biliyan 1.1, da gwamnatin tarayya ta ba jihar. Wanda ya san Bukuru da Barikin Ladi ya san ma'anar wannan kuɗi: tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa, gonaki da zaizaya ke ci kowace damina. Kuɗin irin waɗannan wurare ne aka karkatar.

EFCC ta gurfanar da shi a 2007. Lauyoyi suka yi ta jan ƙafa har sai da Kotun Ƙoli ta ce a 2015 a koma a yi shari'ar. A Yunin 2018 Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta ɗaure shi shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2021. Yana gidan yarin Kuje, amma sunansa bai fita daga jerin sanatoci ba har wa'adinsa ya ƙare a 2019.

Sai ga shi a Afrilun 2022 Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, ƙarƙashin Shugaba Buhari, ta amince a yi masa afuwa tare da Jolly Nyame, tsohon gwamnan Taraba, wai saboda rashin lafiya da shekaru.

Tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon yin afuwa, wannan ba gardama. Kuma ba na fatan kowa ya mutu a kurkuku. Amma marasa lafiya nawa ne ke kwance a gidajen yarinmu, waɗanda ko hukunci ba a yanke musu ba? Mafi yawan fursunonin Najeriya jiran shari'a suke yi, wasu a kan satar waya ko akuya, babu mai kai sunansu gaban majalisar. Kuma Dariye ya koma APC tun 2016, jam'iyyar da ta zo da alƙawarin yaƙi da cin hanci. Ko da zuciya ɗaya aka yi afuwar, wa zai hana talaka zargi?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu bincike da shaidun da suka jure shekara 11 a kan shari'a ɗaya. Gobe idan aka miƙa wa jami'in EFCC takardun wani gwamna, da wane ƙwarin gwiwa zai buɗe su?