Ƙuri'ar da ba ta mutuwa a cikin akwati

Ranar 17 ga Yuni, 1959, an miƙa wa masu zaɓe a ƙasar Ailan takardu biyu, ɗaya ta zaɓen shugaban ƙasa, ɗaya ta raba gardama. Éamon de Valera, firaministan ƙasar a lokacin kuma uban jam'iyyar Fianna Fáil, abu biyu yake nema a hannunsu: su ba shi kujerar shugaban ƙasa, su kuma yarda a soke tsarin da ake zaɓen 'yan majalisa da shi, a koma irin na Birtaniya, inda kowace mazaɓa ke da kujera ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke. Mutane suka ba shi kujerar, suka hana shi ɗaya buƙatar, kusan kashi 52 cikin ɗari suka ce a'a. Jam'iyyar ba ta daddara ba, ta sake kawo maganar a 1968. Wannan karon masu cewa a'a suka haura kashi 60.

Abin da mutanen Ailan suka ƙi rabuwa da shi shi ne tsarin da ake taƙaita sunansa da STV, ni kuwa zan kira shi ƙuri'a mai ƙaura. Na daɗe ina jin ana cewa tsarin yana da ruɗani, talaka ba zai gane shi ba. Ni a ganina an ɗora wahalar a kan wanda ba shi ke ɗauke da ita ba. Malaman ƙidaya ne ke shan wahalar. Mai zaɓe kuwa iko ya ƙaru da shi, kuma wannan ikon daga hannun shugabannin jam'iyya aka zare shi. Shi ya sa manyan jam'iyyu ba su cika ƙaunar tsarin ba.

Ga yadda abin yake. Mazaɓa tana da kujeru da yawa. A Ailan uku ne, ko huɗu, ko biyar. Mai zaɓe yana da ƙuri'a guda tak. Maimakon ya yi alama ɗaya ya tafi, sai ya rubuta 1 a gaban wanda ya fi so, 2 a gaban mai bi masa, 3, 4, har inda ya ga dama ya tsaya. Yana iya ba ɗan wannan jam'iyya 1, ya ba ɗan waccan 2, ya ba mai zaman kansa 3. Aikinsa ya ƙare ke nan. Lambobin nan umarni ne ga mai ƙidaya: idan gwanina ya riga ya ci ba ya buƙatar ƙuri'ata, ko kuma ya faɗi ba za ta amfane shi ba, to kada a binne ta, a kai wa na gaba.

Kafin a fara rabo sai an fitar da ma'aunin cin kujera. Ana ƙara ɗaya a kan yawan kujeru, a raba jimillar ƙuri'u masu kyau da abin da ya fito, sannan a ɗora ƙuri'a guda a kai. Wani lauya Bature, Henry Droop, shi ya kawo wannan lissafi a 1868, har yau da sunansa ake kiransa. A ce kujeru uku ne, ƙuri'u 10,000. A raba su huɗu, 2,500, a ƙara ɗaya, 2,501. Hikimar a fili take: mutum huɗu ba za su iya samun 2,501 kowannensu ba, domin sai an sami ƙuri'u 10,004. Uku ne kawai za su iya.

Mu ƙaddara 'yan takara biyar. A da B 'yan babbar jam'iyya ne, C da D 'yan ta biyu, E mai zaman kansa. Ƙidayar farko ta lamba 1 kaɗai ce: A 4,000, C 2,200, E 1,800, B 1,100, D 900. A ya ci, har da rarar 1,499. Sai a koma kan takardunsa 4,000 a duba wa suka ba lamba 2. A ce 3,000 sun ba B, 1,000 sun ba E. Haka za a kasa rarar, kashi uku ga B, kashi ɗaya ga E: B ya ƙaru da 1,124 ya zama 2,224, E ya ƙaru da 375 ya zama 2,175. Babu wanda ya kai ma'auni, saboda haka na ƙarshe ya fita, wato D. Cikin takardunsa 900, 700 sun tafi ga ɗan uwansa C, 150 ga E, 50 kuma ba su rubuta kowa a gaba ba, nan tafiyarsu ta tsaya. C ya kai 2,900, ya ci kujera ta biyu, ya bar rarar 399. Yanzu E na da 2,325, B na da 2,224, rarar C ce za ta raba gardama. Idan 260 suka faɗa wa E, ya kai 2,585, kujera ta uku tasa ce.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Babbar jam'iyyar ta tara 5,100 a zagayen farko, fiye da rabi. Da a tsarin mai rinjaye ya kwashe duka ne, kujeru ukun nata ne, mutum 4,900 su tashi a tutar babu. A nan ma tana da ƙuri'un da suka isa kujera biyu, da dukan masoyan A sun ba B lamba 2 da ya kai 2,599 ya wuce. Mutum dubu daga cikin magoya bayanta ne suka ce muna son A, amma B bai kwanta mana ba, gara wancan mai zaman kansa. Ba su ƙaurace wa zaɓe ba, ba su sauya sheƙa ba, sun dai tace 'yan takarar da aka kawo musu. A tsarin kujera ɗaya, wanda jam'iyya ta tsayar shi ne naka, ko kana so ko ba ka so. A tsarin jerin sunaye na rufe kuwa, uwar jam'iyya ce ke jera waye na ɗaya waye na goma. A ƙuri'a mai ƙaura jeren yana bakin alƙalamin mai zaɓe.

Tunanin ba sabo ba ne. Carl Andræ, masanin lissafi kuma ministan kuɗin Denmak, ya tsara irinsa a 1855. Thomas Hare, lauya a Ingila, ya fito da nasa a 1857, masanin falsafa John Stuart Mill ya mara masa baya. Birtaniya ba ta taɓa ɗaukarsa don babban zaɓenta gaba ɗaya ba, sai ya yi saiwa a wasu wurare: jihar Tasmaniya ta Ostireliya tun 1909, Malta da Ailan tun 1921, majalisar dattawan Ostireliya tun 1949, majalisar Arewacin Ailan, ƙananan hukumomin Sikotland tun 2007. A Indiya ma da shi 'yan majalisun jihohi ke zaɓen wakilan majalisar dattawa, wato Rajya Sabha.

Duba su wa suka fi yaƙarsa, za ka gane inda yake cizo. Birnin Niyu Yok ya fara zaɓen majalisarsa da shi a 1937. Kafin nan 'yan jam'iyyar Dimokurat sun mamaye kusan duk kujerun. Zaɓe ɗaya aka yi suka dawo wajen rabi. A 1941 Adam Clayton Powell Jr. ya zama baƙar fata na farko a majalisar. Sai kuma 'yan gurguzu biyu suka shiga, Peter Cacchione da Benjamin Davis, abin nema ya samu ga masu son rushe tsarin. A 1947, yaƙin cacar baka na kankama, suka yi amfani da tsoron gurguzu aka soke shi. Laifin tsarin a wurinsu shi ne ya ba tsiraru kujera daidai yawansu.

Zancen cewa mutane ba za su iya ba kuwa, Sikotland ta ba da amsa mai ban dariya. Ranar 3 ga Mayu, 2007, an yi zaɓe biyu a tare: na majalisar dokoki da alamar da kowa ya saba, da na ƙananan hukumomi da lambobi, karon farko. Takardun da suka lalace sun fi yawa a wanda aka saba. Duk wanda ya iya cewa wannan na fi so, in babu shi a ba ni wancan, ya iya wannan zaɓe. Na yarda dai rubuta lambobi ya fi yin alama ɗaya nauyi ga wanda bai yi karatu ba, kuma a Ailan har hotunan 'yan takara ake sawa a takarda don sauƙaƙawa.

Aibin tsarin na gaskiya yana wani wurin, kuma masu tallarsa kan yi saurin tsallake shi. Tunda 'yan jam'iyya ɗaya suna takara a mazaɓa ɗaya, babban abokin gabar ɗan majalisa sau da yawa ɗan gidansu ne. Manufa ɗaya suke ɗauke da ita, to da me zai fi shi? Da hidima. Ɗan majalisar Ailan ya yi suna wajen bin takardun fansho, gyaran titi da halartar jana'iza, domin ya san wanda zai karɓe kujerarsa yana zaune kusa da shi a taron jam'iyya. Masu suka suna cewa wannan na cinye lokacin yin doka, kuma suna da gaskiya. Sai dai idan aka ce in zaɓa tsakanin wakilin da ke tsoron mutanen mazaɓarsa da wanda ke tsoron shugaban jam'iyya, ba zan daɗe ina tunani ba.

Jam'iyyu kuma sai sun iya auna ƙarfinsu. Ka tsayar da mutane da yawa, ƙuri'u su warwatse su zurare a hanya. Ka tsayar da kaɗan, rararka ta gina wasu. A zaɓen Ailan na 2020 jam'iyyar Sinn Féin ta fi kowace jam'iyya lamba 1, kashi 24.5 cikin ɗari, amma saboda kayen da ta sha a zaɓukan 2019 mutum 42 kacal ta tsayar a majalisa mai kujeru 160. Guda 37 suka ci, wasu da rara mai ɗimbin yawa wadda ta ɗaga ƙananan jam'iyyu da masu zaman kansu. Fianna Fáil da ta zo bayanta a ƙuri'a ta tashi da 38.

Kuma kada a ɗauka tsarin yana raba kujeru daidai wa daida. Mazaɓa mai kujera uku sai ka sami rubu'in ƙuri'u, mai kujera biyar sai kashi ɗaya cikin shida, ƙaramar jam'iyya tana iya tashi hannu rabbana. Malta ta shekara ɗari da wannan tsari, amma jam'iyyu biyu ne ke juya ta. A 1981 jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta sami fiye da rabin lamba 1, jam'iyyar Leba ta ɗauki kujeru 34, ita 31. Rikicin da ya biyo baya ya sa a 1987 aka gyara tsarin mulki don a riƙa ƙara wa mai rinjayen ƙuri'a kujeru.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙidayar kanta. Ba a iya kammala ta a rumfar zaɓe, domin ba za a san wanda zai fita ba sai an haɗa takardun mazaɓar gaba ɗaya. Dole akwatuna su yi tafiya. A Ailan sai washegari da ƙarfe tara na safe ake buɗe su, da hannu ake ƙirgawa, a gaban wakilan jam'iyyu da ke jingine da shinge suna rubuta abin da suka hango, wani lokaci a kwashe kwanaki. A Sikotland na'ura ce ke karanta takardun. Ko wanne aka ɗauka, sai inda aka yarda da masu riƙon akwati. Inda babu wannan yarda, lissafin Droop ba zai haifar da ita ba.

Ostireliya ce ta gwada abin da ke faruwa idan aka tausaya wa mai zaɓe fiye da kima. Dokarsu ta ce sai ka sa wa kowane ɗan takarar majalisar dattawa lamba, takardu suka yi ta lalacewa. Daga 1984 sai aka ja layi a takardar: ka sa 1 a akwatin jam'iyyarka a saman layi, ita za ta jera maka sauran. Fiye da mutum tara cikin goma suka rungumi wannan sauƙi. Jeren ya koma hannun jam'iyyu, ƙananan jam'iyyu suka yi ta tsirowa suna ƙulla cinikin tura wa juna ƙuri'u ba da sanin masu su ba. A 2013 takardar jihar Niyu Sawut Wels ta ɗauki sunaye 110, har gilashin ƙara girman rubutu aka tanada a rumfuna. A jihar Biktoriya, Ricky Muir na jam'iyyar masu sha'awar motoci ya zama sanata da kashi 0.51 cikin ɗari na lamba 1.

A 2016 gwamnatin Malcolm Turnbull ta soke wannan ciniki. Yanzu mai zaɓe ne ke jerawa da hannunsa, jam'iyyu shida aƙalla a saman layi, ko 'yan takara goma sha biyu a ƙasansa. A zaɓen da aka yi cikin Yulin shekarar, Muir ya rasa kujerarsa.