Mabuɗin gidan da ba shi da ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya da la'asar wani abu ya tsaya mini a rai, kuma na ga ba zan samu sauƙi ba sai na faɗa muku, ko da yake ni ne farkon mai laifi a cikinsa.

Ina ƙarin ɗakuna biyu a gidana da ke Tumfure, kuma cikin leburorin akwai wani dattijo mutumin Damboa, shi ke kwaɓa siminti yana miƙa wa magini bulo. Da aka tashi daga aiki, sai na tsaya ina ja-in-ja da shi a kan kuɗin yini, ina neman ragin abin da bai kai kuɗin katin wayar da nake sakawa kullum ba. Bai yi mini musu ba. Ya karɓa, ya zaro wata tsohuwar leda daga aljihu zai saka, sai na hango mabuɗi mai tsatsa a ciki. Na ce, "Baba, wannan mabuɗin na ina ne?" Ya ce, "Alhaji, na gidana ne. Ƙofar ta ƙone tun 2014, bango kawai ya rage. Kuɗin kwano nake tarawa, ko bandir biyu na samu zan mayar da iyalina."

Wallahi kunya ta rufe ni. Mutumin da ya fi shekara goma yana gina wa wasu gidaje a Gombe alhali nasa ruwa na dukan bangonsa kowace damina, shi ne na tsaya rage wa haƙƙi.

Mu mutanen Gombe da Bauchi ba za mu ce labari muka ji ba. A Dutsen Tanshi na Bauchi aka fara gwabzawa da 'yan Boko Haram a watan Yulin 2009, kuma a 2014 maharan sun shigo har Nafada da Ashaka. Abin da ya sami Bama da Gwoza da Buni Yadi da Michika, Allah ne kawai ya kare mu daga irinsa, ba wayonmu ba. Lokacin da mutane fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu, mun yi abin kirki, mun buɗe zaurukanmu, mun kai shinkafa da tabarmi da barguna. To amma daga nan sai muka gaji. Da labarin ya daina fitowa a rediyo, sai tausayin ya bi shi, muka ɗauka cewa tunda an ce wa mutum ya koma gida, ai ya samu gida.

Ina gidan yake? Komawa garin da rijiyar burtsatsensa ta mutu, ajin makarantarsa ba rufi, ɗakin shan magani ba ƙofa, ba a kiransa komawa. An kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas a 2017, an sake gina wasu garuruwa kamar Ngarannam a ƙaramar hukumar Mafa, kuma wannan abin yabawa ne, sai dai ɓarnar ta fi ƙarfin a ce gwamnati da ƙungiyoyin waje kaɗai za su gyara. Mu kuma mun maida "aikin gwamnati ne" bargon da muke lulluɓe rowarmu da shi.

Muna canza tayil ɗin da bai fashe ba. Muna ɗaga katanga don ta fi ta maƙwabci tsawo. A wasu unguwannin, masallatai uku ne a layi ɗaya, ana gasar fenti, alhali gwauruwa da marayunta suna kwana ƙarƙashin tamfol. Motocin simintin Ashaka suna wucewa ta gabanmu kullum, amma bai taɓa zuwa mana a rai mu ce buhu ɗaya na wancan bawan Allah ne ba. Annabi (SAW) ya kwatanta mumini da ɗan uwansa da gini, sashe na ƙarfafa sashe. Mu wane sashe muka riƙe?

Don Allah, ku duba cikin unguwarku, akwai irin wannan dattijon. Ku tambaye shi me ya rage masa. Majalisar da kuke zama kowane dare za ta iya haɗa kuɗin bandir guda, kafinta ya ba da yini biyu, mai mota ya ɗauki kayan kyauta. Kuma ku bi abin da kuka bayar har ku ga an buga ƙusa.

Yau da safe na cika masa kuɗinsa, na nemi afuwarsa, kuma ɗaki ɗaya zan dakatar har sai nasa ya samu rufi. Damina ba ta jira. Don girman Allah, ku tambaye su.