Wai shi ya zaɓa

Shekaranjiya da dare a fadarmu nan Tawa, muna jiran shayi na biyu ya nuna, aka kawo labarin wani ƙanenmu da zai tafi biɗa Abijan da zarar an gama zuba hatsi a rumbu. Wani abokinmu ya ce, "To, ai ba wanda ya tilasta masa, shi ya zaɓa." Ban tanka ba a lokacin, amma maganar ta kwana a raina, domin akwai tambaya a ƙarƙashinta wadda masana falsafa da na tattalin arziki suka daɗe suna kai ruwa rana a kanta: da wace tiya ake auna 'yancin zaɓi, har a ce wane ya fi wane?

Amsa mafi sauƙi ita ce a ƙirga, a ce mai hanya biyar a gabansa ya fi mai biyu. A 1990 Prasanta Pattanaik da Yongsheng Xu sun nuna da lissafi cewa duk wanda ya yarda da wasu sharuɗɗa uku masu kama da gaskiya, to ƙarshenta ƙirga zai koma yi, kuma su kansu ba su gamsu da inda lissafin ya kai su ba. Wanda ya san kasuwa ya san dalili: teburin da aka jera sabulu kala goma bai ba ka abin da ya kai na mai sabulu ɗaya da magani ɗaya ba. Charles Taylor, ɗan Kanada, ya riga ya kawo misali mai cizo a 1979. A wancan lokacin Albaniya ta haramta addini tun 1967, amma titunanta ba su da yawan danja kamar na Landan, saboda haka in yawan hani ake ƙirgawa sai a ce mutanen Albaniya sun fi 'yanci. Wane mai hankali ne zai haɗa wanda jar wuta ta tsayar sau ashirin a Yamai da wanda aka hana shi salla?

Wanda na fi jin maganarsa a jikina shi ne Amartya Sen, mutumin Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998, wanda yana ɗan shekara tara ya ga yunwar Bengal ta 1943 da idonsa. Ya ce a dubi mutum biyu, mai azumi da wanda yunwa ta kama. Cikinsu duka babu komai, amma na farko yana da tukunya a kan murhu kuma shi ya ga damar barinta sai magariba, na biyun kuwa ba shi da abin da zai bari. A ganinsa abin aunawa shi ne irin rayuwar da mutum zai iya kaiwa gare ta da gaske, da ƙarfin jikinsa da iliminsa da abin hannunsa. Mu 'yan Adar ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2005 hatsi yana nan a kasuwa, buhu kan buhu, babu ɗan sandan da ya tsaya ya hana kowa saye, amma kuɗin tiya ya fi ƙarfin talaka, bisashe kuma sun rame har darajarsu ta faɗi. Idan 'yanci shi ne kawai kada wani ya tare maka hanya, wato ɗaya daga cikin ma'anoni biyun da Isaiah Berlin ya rarrabe a laccarsa ta Oksfod a 1958, to magidancin da ya juyo gida da buhu a naɗe a hammata cikakken mai 'yanci ne, kuma ban ga wanda zai iya kallon idonsa ya faɗa masa haka ba.

Daga irin wannan tunani ne Mahbub ul Haq na Pakistan ya fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, mai haɗa tsawon rai da karatu da kuɗin shiga, wanda sau da yawa yake ajiye Nijar a can ƙasa. Yana da amfani, sai dai jimla yake gani, ba ya leƙa cikin gida.

Cikin gida kuwa akwai wani abu da Philip Pettit ya ja hankali a kansa: bawan da ya dace da ubangida mai kirki yana iya zuwa inda ya so, amma duk zaɓinsa aro ne, ranar da aka ga dama za a karɓe. Wannan ba tatsuniya ba ce a jiharmu. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan jikka 240, dokar da ta mai da bauta babban laifi sai a 2003 ta zo, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta zauna a Yamai ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta yanke a biya ta miliyan 10 na sefa.

Ni dai ra'ayina, in za a auna 'yancin mutum, a fara da tambayar abin da zai same shi idan ya ce a'a. Wanda zai ƙi tayin aiki ko na aure ko na tafiya, ya kwana lafiya kuma iyalinsa su ci tuwo, ya fi mai hanya goma da ba ya iya ƙin ko ɗaya. Na san ba a zuba wannan a lissafi cikin sauƙi, kuma ba na cewa ƙanen namu ba shi da zaɓi sam, domin hakan raini ne. Tafiya biɗa abin alfahari ce a wurinmu, gidaje da yawa na siminti a garin nan da ita aka gina su.

Jiya na same shi yana ɗinke bakin jakarsa, na ce, "Ƙanena, in ka zauna fa?" Ya yi dariya, ya ce, "Yaya, damin da muka samu bana ba zai kai mu bazara ba, ga bashin taki, ga Inna ba lafiya." Sai ya miƙo mini zaren ya ce in riƙe masa.