Gonar da aka shuka wa turaku

Ranar da Kawuna ya iske turakun siminti a gonarsa, rogon ko isa cira bai yi ba. Ya yi sammako da addarsa kamar kullum, sai ga turaku an kakkafa a tsakiyar kunya, kowanne da lamba da jan fenti. Fiye da shekara ashirin ya yi yana noma wurin, a wani ƙaramin gari da ke kan hanyar Offinso daga Kumasi, a ƙasar Ghana, bisa tsarin da Asantawa ke kira abusa: a kasa amfanin gona uku, manomi ya ɗauki biyu, mai ƙasa ɗaya. Da ya je gidan mai ƙasar, shi ma ya ce a bakin mutane ya ji. Wai gari ya iso, fada ta sa an yanka fuloti. Kawu ya dawo ya zauna a kan benci, ya ce da ni, "Ɗana, ban taɓa cin ƙwayar mutumin nan ba, amma ko guntun takarda ba ni da ita." Wata uku aka ba shi ya kwashe abinsa.

A garin nan yanzu akwai wasu 'yan sa-kai da suka ɗora wa kansu aikin tsare gonakin da suka rage. Akwai tsohon malamin makaranta, akwai samari, akwai mata masu sarin kayan miya, da mutum biyu daga zongon garin. Ranar Asabar sukan bi iyakar gonaki da ƙafa, suna ɗaukar alamar wuri da wayar hannu, suna rubuta wa ke noma ina, tun yaushe, kuma bisa wace yarjejeniya. Sukan je majalisar gunduma su nemi a nuna masu taswirar gari. Ba mai ba su ko sidi ɗaya. Da na kawo zancensu a majalisarmu ta bayan la'asar a unguwar Aboabo ta Kumasi, dariya aka yi mini. Wani ya ce, "Malam, ƙasar Asantawa, sarkinsu ya sayar, kai mene ne naka a ciki?"

Na san inda wannan magana ta samo asali. Kakanninmu fataken goro ne. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga ta arewacin Ghana, da yawa suka gangaro kudu, aka ba su masauki a gefen garuruwa, shi ne zongo. Mun gaji tunanin matafiyi, wanda ba ya tsoma baki a rigimar gidan da ya sauka. Baƙo raɓa, in ji Hausawa, ɗan gari kaba. To amma raɓar da ta haura shekara ɗari a wuri guda, ta haifi 'ya'ya da jikoki, ta binne iyayenta a maƙabartar Tafo, ai ta daina zama raɓa. In gona ta tafi, mai ƙasa yana iya samun fuloti ko biyu a matsayin diyya. Wanda ke tashi hannu banza shi ne ɗan haya da ɗan abusa, kuma waɗannan galibi mutanenmu ne da 'yan'uwanmu na arewa.

Sai kuma maganar ciki, wato abinci. Mai tuwo, mai waakye (shinkafa da wake), mai koko da ƙosai, duk sun san farashin kasuwa kafin gidan rediyo ya faɗa. Albasarmu daga Nijar take zuwa, tumatir na rani daga Burkina Faso, da an samu tangarɗa a kan iyaka sai tukunya ta ji a jikinta. Latas da kabeji da albasa mai lawashi kuwa, waɗanda ba sa jure doguwar tafiya, a fadamun da ke kewaye da mu ake noma su, irin na Gyinyase da gefen jami'ar KNUST. Duk fadamar da aka cike da ƙasa aka aza bulo, an ƙara wa kayan miya kuɗin mota. Ruwan famfo ma haka. Daga madatsun Owabi da Barekese Kumasi ke sha, kuma gine-gine sun daɗe suna cin dajin da ke kare su. Dattawan da suka ga yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji, ba sai an yi masu dogon bayani ba. Bayanta ne aka fara Ranar Manoma a 1985. Har yau duk shekara, galibi a Juma'ar farko ta Disamba, ana raba wa manoma takalman roba da adduna, alhali gonar da za su shiga da su tana ƙarewa.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, ba zan ɓoye ta ba. Mutane na neman wurin kwana. Ƙidayar 2021 ta ce mu 'yan Ghana mun kai miliyan 30.8, kuma fiye da rabi a birane muke. Ni da ke rubutun nan a gidan haya nake, banɗaki ɗaya ga ɗakuna da yawa. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara biyu ake biya. Wanda ya tara gumin shekara goma ya sayi fili don ya huta da wulaƙancin haya, da wane baki zan ce masa ya bar wa rogo wuri? Haka dangin da suka ga kuɗin fuloti guda ya fi abin da gonar za ta ba su cikin shekaru, ba mugunta ce ta sa su sayarwa ba.

Amma ka hau trotro, ƙaramar bas ta haya, ka nufi Ejisu, ko Abuakwa, ko Kodie, ka riƙa leƙe ta taga. Kangwaye za ka yi ta gani. Tushen gini da ciyawa ta rufe, katanga ba ɗaki, bulo layi uku da ya yi baƙi don daɗewa. An kori manomi, ba a zaunar da kowa ba. Wani wurin ma kafin a sayar sai an kira masu tifa sun kwashe ƙasar sama sun haƙe yashi, a bar rami yana tara sauro. Ba na jin akwai mai cewa kada gari ya girma. Abin da 'yan sa-kan nan ke tambaya shi ne wace ƙasa za a gina, wace za a bari, kuma wa ya yanke. Tudun tsakuwa yana ɗaukar gida. Fadama in ka gina ta, ka rasa kabeji, damina ta zo ruwa ya shigo maka har gado.

Abin haushi, doka tana tare da 'yan sa-kan. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ce ƙasar kujerar sarauta amana ce a hannun sarki don talakawansa, kuma ba a bayar da ita sai an tabbatar abin ya dace da tsarin gari. Dokar tsara ƙasa ta 2016 ta ɗora wa majalisun gundumomi fitar da wannan tsari. Dokar ƙasa ta 2020 ta ce sarki ko shugaban dangi sai ya ba da bayanin yadda ya yi da ƙasar, ta haramta 'yan dabar da ake ɗauka gadin fili, ta kuma ce in za a karɓe gonar ɗan gari don faɗaɗa gari, a ba shi wata gonar ko diyyar da ba ta gaza kashi 40 cikin ɗari na fulotan ba. A aikace kuwa, sau da yawa ɗan safiyo ake ɗauka ya yanka, a biya shi da fuloti, majalisa ta ga taswira bayan an gama sayarwa. Kuɗin sayen kuma ana kiransa kuɗin giya, mu mu ce kuɗin goro, goron da ya kai farashin mota, kuma ba ya shiga asusun kuɗin ƙasar sarauta da ake rabawa da gunduma. Shi ya sa littafin tsohon malamin nan ya fi zanga-zanga amfani. Fada ba ta son hayaniya, amma tana sauraron wanda ya zo da ladabi, da dattawa, da takarda a hannu.

Ina da nawa ƙorafin a kan 'yan sa-kan nan. Wasu cikinsu in suna magana, sai su yi ta cewa suna son garinsu ya zauna yadda suka tashi suka gan shi. Wane yadda? Hanya mai laka da rashin asibiti? Matar da ke ɗebo ruwa a rafi ba ta da marmarin wannan. Kuma na ji da kunnena inda "mu tsare garinmu" ta fara komawa "baƙi sun yi yawa". Baƙin nan mu ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutanen zongo su shiga ciki tun ana shata layi, don kurmi da gefen rafi da fadama ake son karewa, kuma kowa ke ci daga gare su. Sarakunan zongo suna da ƙofa a fada. Limamai suna da mumbari. In har za a iya tara kuɗin tayil na masallaci cikin Juma'a biyu, za a iya zaunar da manoma a rubuta masu yarjejeniyar abusa da shaidu, a kuma gaya wa mai shirin sayen fili ya je majalisa ya duba taswira kafin ya miƙa kuɗi.

Laifin namu ma yana nan. Bara na raka Kawu ya ga tsohuwar gonarsa. Fulotin da ya faɗo daidai inda yake dasa agade, wani ɗan zongonmu ne da ke aiki a Turai ya saya. Ya zagaye shi da katanga, ya zuba tushe, kuɗi suka yanke. Da labari ya kai masa, sai ya aiko a roƙi Kawu ya riƙa duba masa wurin kada a sayar wa wani a bayansa. Kawu ya karɓa. Yanzu masara yake shukawa a cikin falo da ɗakunan kwana biyu, kuɓewa kuma a inda aka shata kicin.