Ni da Dutsen Gugana da Taransifomar Layinmu

Har gobe ina nan a kan bakana: ba ni na ƙona taransifomar layinmu ba. Wato dai, ba ta hanyar da mutanen layin suke faɗa ba.

Kwana biyu muka yi ba mu ga wuta ba. A dare na uku, wajen ƙarfe tara, sai kwan tsakar gida ya yi ja kamar garwashi, ya ɗan yi shawara da zuciyarsa, sannan ya haska. Duk wanda ya taɓa zama inda wuta take zuwa kamar baƙuwa ya san abin da ke biyo baya. Yara suka ɗauki ihu. Uwargida ta yi kan firij. Babbar 'yata ta kwaso wayoyin gidan kaf ta jera a caji, har da wadda ta mutu tun bara, ko Allah zai sa a dace. Maƙwabcina na dama ya tayar da injin jan ruwansa mai kukan tsohuwar mota, na hagu kuma na ji na'urorin sanyaya ɗakinsa guda biyu suna gyaran murya. Ni ma ina da nawa uzurin: washegari akwai taro a wurin aiki, rigar da zan sa kuwa kamar an ƙwato ta daga bakin kura.

Na shimfiɗa bargo, na ɗauko dutsen guga, na cusa kan wayarsa a soket, na danna makunni. Tsakanin dannawar da abin da ya faru ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Daram! Daga can bakin layi wani haske mai shuɗi-shuɗi ya ratso ta taga, sai kuma duhu, irin wanda ko tafin hannunka ba ka gani. Fankar ɗakin ta ƙara juyawa sau uku don ladabi, ta tsaya.

Autana ɗan shekara shida yana tsaye a gefena, ya ga komai da idonsa. Ya ce, "Baba, ka fasa."

Na ce, "Rufe min baki."

Ya rufe ɗin, amma a cikin ɗaki kawai. Kafin in lalubo takalmina ya riga ni fita. Ina isa gindin taransifoma na tarar da maza sun yi da'ira, kowa da tocilar waya, hayaƙi yana tashi, warin ƙonannen mai ya cika wurin, yaron nan kuma yana tsakiyarsu yana ba da rahoto kamar wanda aka ɗauka aiki: "Babana yana kunna dutsen guga, sai ta yi daram."

Tociloli suka juyo kaina gaba ɗaya. Dattijon layin, mutum mai sanyin magana wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, ashe guga ake yi?"

Da na yi dariya na ce tsautsayi ne, da magana ta mutu a nan. To amma ina da wata cuta. Duk daren da aka ɗauke wuta, sauran cajin wayata a karance-karancen harkar lantarki nake ƙarar da shi, kamar mai ciwo yana bin tarihin ciwonsa. Abin ya taru min a ciki shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayata. Ga jama'a, ga dare, ga ba inda kowa za shi. Sai na gyara tsayuwa.

Na ce, "Jama'a, ku ba ni hankalinku. Wutar lantarki ba kamar ruwan tanki ba ce da za a tara a riƙa ɗiba. Wutar da ke cikin kwan ɗakinka, a daidai lokacin da kake ganinta ake yin ta a tasha. Dole abin da injina ke bayarwa ya zo daidai da abin da mutane ke ja, kowane daƙiƙa. Wutar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, a Amurka sau 60. In jan ya fi ƙarfin injina, sai su fara nauyi, yawan kai da komon ya sauka, na'urorin kariya su fara yanke layuka don kada injin ya lalace. Layi ɗaya ya fita, kayansa su koma kan na kusa da shi, shi ma ya gaza, haka har ƙasa guda ta yi duhu."

Na ga ana gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara girma.

"Ba mu kaɗai ba ne. Ranar 14 ga Agusta, 2003, mutum kusan miliyan 50 suka rasa wuta a Amurka da Kanada, har birnin New York, inda mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan Thomas Edison ya kafa tasharsa ta wuta tun 1882. Kun san mafarin abin? Zafi ake yi, ana jan wuta da yawa, manyan wayoyi a jihar Ohayo suka ɗau zafi suka saki jiki suka yi ƙasa, suka taɓa bishiyoyin da ba a sassare ba. Ƙararrawar kwamfutar da ya kamata ta sanar da ma'aikata kuma ta maƙale, ba su ankara ba sai da aikin gama ya gama."

Mai injin ruwa ya ɗaga hannu. "Tsaya, Malam. Bishiya ka ce?"

"Bishiya."

"Reshe?"

"Rassa dai."

"To in reshe zai kashe wa mutum miliyan 50 wuta, me zai hana dutsen guga ya kashe wa gida arba'in?"

Baki shi ke yanka wuya. Maimakon in ja da baya, sai na ƙara zurmawa. Na ce ai a watan Satumba na 2003 ɗin ma kusan duk Italiya ta yi duhu, kuma daga layin da ke kawo musu wuta daga Suwizalan abin ya faro, shi ma bishiya ce. Na ce Indiya a ƙarshen Yulin 2012 mutum sama da miliyan 600 abin ya shafa. Ni a nufina in nuna musu matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Su kuwa abin da suka ji shi ne: ƙaramin abu yana jawo babbar ɓarna, kuma ga mai ƙaramin abun a gabansu ya amsa da bakinsa.

Wani ɗalibi da ke haya a ƙarshen layi ya ce a kawo dutsen a gani. Autana, Allah ya shirya min shi, ya ruga ya ɗauko. Aka haska gindinsa aka karanta: wat 1,200. Ɗalibin ya ce kwan ɗakinsa wat 10 ne. Ya yi lissafi a fili, a hankali, don kowa ya ji daɗinsa: kwai 120 na kunna a lokaci guda. Aka yi salati. Mai na'urorin sanyi biyu, wanda ko guda ɗaya daga cikinsu ba za ta rasa cin abin da dutsena ke ci ba, shi ya fi kowa girgiza kai. Na buɗe baki zan ambace shi, sai na tuna tsaninsa yana gidana wata huɗu ban mayar ba.

Kwana tara muka yi a duhu kafin ma'aikatan wuta su leƙo mu. Taron wurin aiki da rigar kura na je, na zauna a kujerar baya na rungume jaka a ƙirji. A layi kuwa gaisuwa ta canza. "Ina kwana, Malam? Ya iyali? Ya guga?" Yara suka sa min suna Injiniya. Matan layi suka riƙa shigowa yi wa uwargida jaje, ita kuma maimakon ta kare ni sai ta ce, "Ai na ce masa ya bari sai da safe." Ba ta faɗa ba. Amma a lokacin ba ni da sauran shaidu.

A rana ta goma ma'aikatan wuta suka zo da mota mai ƙugiya. Shugabansu wani tsoho ne mai furfura, hannayensa duk tabon aiki, irin mutanen da ba sa gaggawar komai. Na matsa kusa da shi don na san yau gaskiyata za ta fito. Ya sa tsumma ya goge wani ɗan faranti da ke jikin taransifomar, ya kira ni ya ce in karanta masa shekarar, idonsa ba ya gani sosai. Na karanta. Ta girme ni da shekara biyu.

Ya ce, "Ɗana, ka san abin da ke cikin nan? Wayar tagulla ce aka naɗe da takarda aka tsoma a mai. Man shi ke sanyaya ta, takardar ita ke hana wayoyin haɗuwa. Zafi kuwa cin takardar yake. Duk digiri shida zuwa takwas da ka ƙara mata a kan ƙa'ida, ka raba kwananta biyu. Irin waɗannan shekara talatin zuwa arba'in ake sa musu rai, in ana duba mai. Wannan dubi gindinta."

Na duba. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da man da ya daɗe yana ɗiga. Kullum ta nan nake wucewa, ban taɓa kawo komai a raina ba.

"Ranar da aka kafa ta, gida nawa ne a layin nan? Kowa kwai biyu da rediyo. Yau fa? Sannan an ɗauke wuta kwana biyu, an kawo, kowa ya kunna komai a tare. Firij da injin ruwa in za su tashi sai sun ja ninkin abin da suke ci sau da yawa. Tsohuwa tana barci ka tashe ta ka ɗora mata buhu."

Na ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji. "Baba, don Allah, dutsen guga zai iya ƙona taransifoma?"

"Shi kaɗai? Haba. Ina!"

Na juya na dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, na daɗe a kan mai injin ruwa.

Tsohon ya ci gaba da goge hannu. "Amma dai dole akwai wanda ya kunna na ƙarshe."

Ban gama haɗiye wannan ba ya buɗe akwatin fis. Ya yi shiru. Ya sa filaya ya zaro wata murtukekiyar wayar tagulla, an ninka ta huɗu an murɗe kamar igiyar ɗaure sa, ya ɗaga ta sama.

"Wane mai hikimar ne ya yi wannan?"

Ba wanda ya tanka. Ya ce fis an yi shi ne siriri da gangan, aikinsa ya mutu a madadin taransifoma. In kaya ya yi yawa shi zai narke, a sa wani, a wuce wurin. Wanda ya sa wannan ya ɗaure mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe. Da fis ɗin gaskiya ne a nan, da daren nan minti goma za a yi a gyara.

Gumi ya keto min. Wata uku kafin nan fis ɗin layin ya riƙa tsinkewa kusan kowane dare. Wata rana na gaji, na samo wani yaro mai gyaran wuta, muka zo bayan kowa ya shige. Ya sa waya siririya, na ce masa wannan ai gobe ma tsinkewa za ta yi. Ya ninka biyu. Na ce, cikin muryar wanda ya yi karatu, "Ƙara ninkawa." Tun daga ranar wuta ba ta sake yankewa daga wurinmu ba, ni kuma na riƙa yawo da wani farin ciki na ɓoye, irin na wanda ya yi wa al'umma aikin alheri bai nemi yabo ba. Mu uku ne a wurin a daren: ni, da mai gyaran, da wanda ya riƙe mana tocila.

Wanda ya riƙe tocilar ya ja min riga. "Baba, ba irin wayar da ka ce a..."

Ban taɓa sanin ina da ƙarfin ɗaukar yaro ɗan shekara shida da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma a bakinsa, in yi tafiyar gida bakwai ba tare da na waiwaya ba. Na ji dattijon layin yana cewa a bayana, "Allah sarki, abin ya taɓa shi."

An kawo mana wata taransifomar bayan mako biyu, ba sabuwa ba, an dai yi mata fenti. Na so in yi ƙorafi, sai na tuna na karanta cewa manyan na tashoshi ma a ƙasashen da ke ƙera su sai a yi oda a jira shekara biyu ko fiye, ga cibiyoyin kwamfuta da motoci masu caji suna ta ƙara wa tsofaffin layuka kaya. Wannan karon na bar karatuna a cikina. Da aka zo tara abin da za a sayi fis na gaskiya a ajiye, ni na fara bayarwa, na kuma fi kowa. Aka ce Injiniya ya yi nadamar guga. Na karɓa. Laifin guga ya fi min sauƙin ɗauka.

Yanzu ƙarfe uku na dare nake guga, lokacin da injin ruwa da na'urorin sanyi suka yi barci, kuma sai na leƙa na tabbatar autana ma ya yi. Ina danna makunnin ne da ɗan yatsa ɗaya, kaina a sunkuye.

Na ɗauka an manta. Sai ranar 28 ga Afrilu, 2025, da tsakar rana wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal gaba ɗaya, jiragen ƙasa suka tsaya cak, fitilun kan titi suka mutu. Da yamma saƙo ya shigo wayata daga mai injin ruwa: "Malam, ashe tafiya ka yi ba sallama?"

Na tashi na leƙa ƙarƙashin gado. Dutsen yana nan, wayarsa a nannaɗe. Sai da na taɓa shi na ji da sanyi sannan na ba shi amsa.