Ƙannena matasan Gombe, cinikin ya ƙare tun kafin ku hau layi

Assalamu alaikum. Maganar nan da ku nake, masu zaman majalisa a Bolari da Pantami da Jekadafari, masu zagin 'yan siyasa da dare, da safe kuma a gan ku a ƙofar gidansu ana jiran oga ya fito.

Mu fara da lissafi, don shi ba ya jin kunyar kowa. A ce ranar zaɓe an damƙa maka naira 5,000 da ƙullin taliya. Wanda ka dangwala wa zai yi shekara huɗu, kwana 1,461 ke nan. Raba ka gani: naira 3 da 'yan kwabbai a rana. Ko ledar ruwa ba za ta saya ba. Kuma in ka je neman haƙƙinka daga baya, kallon da zai yi maka shi ne na wanda aka riga aka sallama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Amma ba a kan taliya nake so in tsaya ba, an yi ta faɗa har bakin malamai ya gaji, kuma ni ba na ganin laifin uwar marayun da ta karɓa. Babban cinikin a zaɓen fidda gwani ake ƙulla shi. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na majalisar wakilai miliyan 10. A PDP na shugaban ƙasa miliyan 40 ne, na gwamna miliyan 21. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 60 yana tari kafin ya haɗa miliyan 50. Fom kawai fa, ba a zo kan daliget ba, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, waɗanda aka riƙa killacewa a otal ana yi musu ciniki kamar ragunan layya.

To wa zai biya? Ko dai mai kuɗin, ko yaron da uban gida ya tsaya wa. Shi kuwa uban gida ba sadaka ya yi ba, jari ya zuba, kuma daga kwangilar asibitinku da ajin ƙannenku zai fanshe. Ta nan talaucinmu yake haihuwar arzikinsu, arzikin kuma ya dawo ya saye mu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Mai sayen ƙuri'a bai ƙi a ƙaru ba, kaya ne ke yin araha.

An rage shekarun takara a 2018, mai shekara 25 yana iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Mun yi ta murna. An buɗe ƙofa, aka bar kuɗin shiga yadda yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabon da ake ba mu: ko ka zama sojan baka a Facebook a kan kuɗin data, ko a miƙa maka gora da ƙwaya. Gombe ta san abin da 'yan daban Kalare suka yi mata, Bauchi ta san Sara-Suka. Ku nuna mini ɗan mai gida guda ɗaya da aka taɓa gani a sahun gaba.

Saboda haka ku daina ɓuya sai ranar zaɓe. A 2022 daga mazaɓa daliget suka fito, a taron da yawancinku ba ku taɓa leƙawa ba. Ku yanki katin jam'iyyar da ta kwanta muku, ku cika taron mazaɓa, ku tsayar da naku da karo-karo. Sayen mutum biyar abu ne mai sauƙi, sayen ɗari biyu da suka san juna kuwa sai an yi gumi.

Sannan ku bi sawun kuɗi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Muna da guda 11 a jihar nan. Waye a cikinku ya taɓa tambayar ciyaman nawa ya shigo, ina ya tafi? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa takardarka. Tsarin mulki ma ya tanadi kiranye ga ɗan majalisa, sai dai yana da wuya, don sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu.

Ku fara da kansila, shi ba ya da jiniya, kuma kun san gidansu. Ku je ku goma, da ladabi, da takarda mai kwafi biyu, a buga muku hatimi a kan ɗaya ku dawo da ita. In kwana bakwai sun wuce shiru, ku koma ku ashirin.