Ɗan'uwa, Kafin Lambar Na'ura Ta Hana Ka Barci

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da na ga tana yaɗuwa a tsakaninmu. Mutum zai ga na'urar gwajin suga ta Baba ko ta Mama a ajiye, ya ce bari shi ma ya gwada. Ya huda yatsa, lamba ta fito, daga nan sai ɗayan biyu: ko ya kwana bai runtsa ba yana cewa ya kamu, ko ya yi dariya ya ce shi garau yake, alhali watansa biyu yana tashi fitsari sau huɗu kafin asuba. Dukansu biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren na biyun ya fi ba ni tsoro.

Abu na farko da zan tambaye ka idan ka nuna mini lamba shi ne, yaushe ka ci abinci? Lambar da ba a san lokacinta ba, ba ta da ma'ana. A ce na'ura ta nuna 135. Idan awa biyu ke nan da cin abincinka, ba wani abin tayar da hankali. Idan kuwa da sassafe ne, ka yi awa takwas ba ka sa komai a baki ba sai ruwa, to wannan 135 ɗin magana ce babba.

Ga yadda likitoci suka tsara ma'aunin. Wanda ya wayi gari bai karya ba, ƙasa da 100 shi ne daidai. Daga 100 zuwa 125, yana bakin ƙofa: bai shiga ciwon ba, amma jikinsa ya fara gazawa wajen sarrafa suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara ƙirga wannan matakin ne daga 110, shi ya sa za ka ji likitoci biyu sun ɗan bambanta. Daga 126 zuwa sama shi ne iyakar ciwon suga. A asibiti kuma akwai gwajin da ake ba mutum ruwan suga mai giram 75 ya sha, a jira awa biyu a sake aunawa. Ƙasa da 140 lafiya lau, 140 zuwa 199 bakin ƙofa ne, 200 ko fiye ciwo ne. Haka kuma duk wanda aka auna a kowane lokaci aka ga 200 ko fiye, kuma ga alamomi a jikinsa, ba a tsayawa ana ja-in-ja.

Ka duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar. Wasu na'urorin mg/dL suke rubutawa, su ne masu lambobin da na lissafa. Wasu kuma mmol/L, lambobinsu ƙanana ne. Ka ninka ta mmol da 18 sai ka sami ta mg. Wato 7 a waccan ita ce 126 a wannan, 11.1 kuma ita ce 200. Mutum zai ga 9 a na'ura da safe ya ce ai ko goma bai kai ba, bai san 162 yake kallo ba.

Sai dai duk waɗannan iyakoki an gina su ne a kan jinin da aka ɗiba daga jijiya aka auna a ɗakin gwaje-gwaje. Na'urar gida ba a yi ta don ta tabbatar da ciwo ba, an yi ta ne don mai ciwon ya riƙa bin sawun sugansa. Ƙa'idar da aka ɗora wa masu ƙera ta ta yarda ta kauce da kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa idan sugan ya kai 100. Ka ga ke nan wanda ainihin sugansa 120 ne, na'ura mai kyau za ta iya nuna masa 105, ta iya nuna masa 135, kuma ba a ce ta lalace ba. Don haka ka daina huda yatsu uku a jere kana neman lamba iri ɗaya, ba za ka samu ba. Ko a asibiti, idan babu alamomi bayyanannu, sai an maimaita gwajin kafin a ce da mutum yana da ciwon.

Ga kuma kuskuren da hannunmu ke jawowa. Ka ɓare kayan marmari ko ka taɓa wani abu mai zaƙi, ba ka wanke hannu ba ka huda yatsa, to sugan da ke kan fatarka ka auna. Ka wanke hannu da sabulu, ka tsane shi sosai. Ka huda gefen yatsa, ya fi ƙarancin zafi, kuma kada ka yi ta matsa shi da ƙarfi. Tsinken gwajin, wato wanda ake ɗiga wa jinin, da wa'adinsa ya ƙare, ko wanda aka bar kwalbarsa a buɗe cikin zafi da laima, ƙarya zai yi maka. Allurar hudawar kuma, don Allah, kada ku yi tarayya a kanta ko da uwarku ɗaya ubanku ɗaya, ta nan ciwon hanta ke tsallakawa. Zazzaɓi, tashin hankali, rashin barci da magunguna irin su dexamethasone da prednisolone duk suna ɗaga suga. Wanda yake shan irin waɗannan don ya yi ƙiba, ba da umarnin likita ba, ya san abin da yake saya wa kansa.

Yanzu bari in koma kan wanda ya fi damuna, mai cewa shi garau yake. Ruwa ba ya tsami banza. Idan suga ya haura wajen 180 a jini, ƙoda takan kasa riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari, ya ja ruwan jiki ya tafi da shi. Daga nan ne yawan fitsari ke zuwa, sai ƙishirwar da ba ta jin ruwa ta biyo baya. Shi ya sa ma wani zai ga tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari. Ga suga cike da jini amma bai shiga tsoka ba, saboda sinadarin insulin da ke buɗe masa hanya ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin maganarsa. Sai ka ga mutum yana ci kamar me, yana ramewa, kullum a gajiye. Ido ya riƙa yin hazo-hazo, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, ƙuraje da ƙaiƙayin gaba su riƙa dawowa, tafin ƙafa ya riƙa yin zafi ko ya mutu kamar an kwanta a kai. Wasu fatar bayan wuyansu ko ta hammata takan yi baƙi ta yi kauri, a yi ta gurza ana zaton dauɗa ce, alhali jiki ne ke nuna insulin ya fara rasa ƙarfinsa.

Mai irin waɗannan alamu, ko da na'ura ta nuna masa 98 wata safiya, bai tsira ba tukuna. Suga yana hawa yana sauka cikin yini, ɗigon jini ɗaya na daƙiƙar da aka ɗiba kawai yake ba da labari. Akwai gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, domin suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan yi kusan kwana 120 a jiki. Kashi 6.5 zuwa sama ciwo ne, 5.7 zuwa 6.4 bakin ƙofa. Mai sikila ko ƙarancin jini ya gaya wa likita tun farko, don wannan gwajin yakan ruɗe a kansu.

Akasin haka ma yana nan, wato ciwo ba tare da wata alama ba. Ciwon suga yana da manyan nau'o'i biyu. Nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa, yakan yi shekaru shiru yana cin ido da ƙoda da jijiyoyi. Ƙididdigar ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Idan iyayenka na da shi, ko kana da tumbi, ko hawan jini, ko ke 'yar'uwa suganki ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, ku je a auna ku ba sai jiki ya yi ƙara ba. Ƙuruciya ba ta hana shi.

Nau'i na farko kuwa ba ya jira. Ya fi kama yara da matasa, kuma cikin makonni kaɗan yake kayar da mutum, ko siriri ne ko mai jiki. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ga shan ruwa ga rama, a kai shi a auna a ranar. Idan aka kai ga amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, bakin yana ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna, ko mutum ya fara ruɗewa, to asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne. Haka idan na'ura ta rubuta HI maimakon lamba, sugan ya wuce abin da za ta iya ƙirgawa ne.

Abin da ba zan yafe maka ba shi ne ka ga lamba ta hau ka ɗauki ƙwayar Baba ka haɗiye. Wasu magungunan suga suna iya faɗar da shi ƙasa da 70, ka fara rawar jiki da gumi da bugun zuciya, ka iya sumewa. Wanda hakan ta same shi yana cikin hayyacinsa, a ba shi cokalin cin abinci ɗaya na sukari a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi.

Idan lambar ta dame ka kuma babu alamun gaggawa, ka sami takarda. Kwana uku ko huɗu ka auna da safe kafin ka karya, ka sake aunawa awa biyu bayan ka fara cin abinci. Ka rubuta lambar, da lokacin, da abin da ka ci, da duk maganin da kake sha. Takardar nan da na'urar kanta za ka ɗauka ka kai wa likita, ka tafi da safe ba ka karya ba, don a ɗebi jinin a ranar ba sai ka sake dawowa ba.